Zauren Malam da Ajin Intanet

Ranar da wani ƙanena ya nuna mini darasin lissafi da yake bi kyauta a wayarsa, a gidanmu da ke zangon Bawku, ya ce da ni, "Yaya, wannan fa sabon abu ne a duniya." Na ce masa na'urar ce sabuwa, amma buɗe ƙofar ilimi ga kowa kakanninmu sun san shi.

Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano su bi ta Yendi su sauka Salaga neman goron Gwanja, tare da malamai da littattafai suke tafe. Duk zangon da aka kafa, akan sami malami ya shimfiɗa buzu a zaure. Ba rajista, ba jarrabawar shiga, ba kuɗin makaranta sai sadakar da mutum ya iya. Dattijo da matashi kowa ya zo da littafinsa, Ahalari ko Ishmawi ko Risala, a biya masa, na gefe kuma su tsinci nasu rabon. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga, sannan ya koma Karaci bayan yaƙin basasar 1892. Can ya ci gaba da karantarwa har rasuwarsa a 1934, almajiransa suka bazu cikin zangunan ƙasar nan.

Su ma Turawa a hankali suka buɗe tasu ƙofar. A 1969 Ingila ta kafa jami'ar karatu daga gida, mai koyarwa ta rediyo da talabijin da wasiƙa. A 2011 malamai biyu a jami'ar Stanford ta Amurka suka saka darasinsu a intanet, mutum kusan 160,000 suka yi rajista. A 2012 aka kafa Coursera da edX.

Sai dai masu kammala irin waɗannan darussa kaɗan ne ƙwarai cikin masu farawa. A nan na ga fifikon zaure. Malam ya san fuskar ɗalibinsa. In ya yi fashin kwana biyu sai a aika a duba lafiya, kuma ba a ba shi izinin karantar da littafi sai malam ya gamsu da shi. Waya ba ta cigiyar kowa. Ga tsadar data, ga Turanci da ke tare wa da yawa hanya.

Shi ma zauren yana da nasa giɓi: mata ba su cika samun wurin zama a cikinsa ba. Yau kuwa yarinya na iya bin darasi daga ɗakin mahaifiyarta, ko a daren da dokar hana fita ta rufe garin Bawku.

Shawarar da na ba ƙanena ita ce ya nemo abokai huɗu su riƙa bin darasin tare bayan la'asar, wanda ya gane ya biya wa saura da Hausa. Yanzu su bakwai ne, biyu mata.