Ciyar da bakwaini ta robar hanci a Damagaram

Ciyarwa ta robar hanci hanya ce ta zura siririyar roba daga hanci ko baki zuwa cikin jariri, a riƙa ɗura masa nono kaɗan-kaɗan da sirinji. Jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 34 yawanci bai iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi a lokaci guda ba, don haka ko nono na nan, yunwa na iya kashe shi. A jihar Damagaram an san wannan roba a cibiyoyin CRENI na masu tamowa mai tsanani, ciki har da asibitin Magarya inda ƙungiyar MSF ke aiki, inda ake ba yaron da ya kasa sha madarar F-75 ta wannan hanya.

Iyaye mata da dama na tsoronta, suna ganin duk wanda aka sa wa roba ya kama hanyar lahira. Tsoron yana da dalili, domin masu matsanancin rauni ake sa wa, kuma idan ta kauce zuwa huhu akwai haɗari. Amma ciwon ne ke kisa, kuma ma'aikatan jinya kan tabbatar robar tana cikin tumbi kafin kowace ciyarwa. Ba ta raba ɗa da uwa: nonon uwar ake tatsa a ba bakwaini, tana rungume da shi a ƙirji, fata da fata. Da zarar ya iya tsotso, sai a cire ta.