Magana Jari Ce: littafin da aku ya zama waziri

Magana Jari Ce littafin hikayoyi ne na Alhaji Abubakar Imam (1911-1981), haifaffen Kagara a Najeriya. Kashi uku ne, na farko ya fito a 1937.

Tauraron littafin wani aku ne mai magana. Da Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, sai Waziri ya ƙulla makircin hallaka Musa ɗan sarki. Akun nan ya dinga riƙe yaron da labaru dare bayan dare, ya hana shi fita, har sarki ya komo. Ladansa, aka naɗa shi waziri. A kashi na uku yana koya wa ɗansa Fasih dubarun zance.

Iyaye, in ɗanku ya fara karatun Hausa a lakwal, ku nemo masa shi.