Daga Keken Mahauci Zuwa Asusun Diyyar Ma'aikata

A shekarar 1835, wani yaron mahauci a Ingila mai suna Charles Priestley ya hau keken dokin maigidansa da aka yi wa lodin nama fiye da ƙima. A hanya keken ya karye, kaya suka danne shi, ya samu karaya a cinya. Da aka je kotu an yanke masa diyyar fam 100, amma a 1837 wata kotu ta sama ta soke hukuncin. Bayan wannan shari'a, lauyoyin masu masana'antu sun riƙa kare iyayen gidansu da hujjoji uku: ko laifin abokin aiki ne, ko sakacin ma'aikacin ne da kansa, ko kuma ya san haɗarin aikin tun ranar da ya karɓe shi. Leburan da inji ya cinye wa hannu sai ya tabbatar da laifin maigida kafin ya ga ko sisi, ga shi ba shi da kuɗin lauya.

Jamus ce ta fara sauya tsarin. A 1884 gwamnatin Bismarck ta kafa inshorar haɗarin aiki wadda masu kamfani ke biya, Ingila kuma ta yi tata dokar a 1897. Tambayar kotu ta koma ɗaya: a bakin aiki aka ji raunin? In haka ne, akwai diyya, ko da babu wanda ya yi laifi.

Turawan mulkin mallaka sun kawo irin wannan doka Nijeriya a farkon shekarun 1940, gwamnatin Babangida ta sabunta ta a 1987. Matsalarta ita ce maigida ne ke biya, shi ko kamfanin inshorarsa, don haka akan daɗe ana ja-in-ja, wani ya mutu bai karɓi komai ba. A Disambar 2010 Shugaba Jonathan ya sa hannu a sabuwar doka. Yanzu ana buƙatar maigida ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun da hukumar NSITF ke riƙewa. Dokar ta haɗa da cutar da aiki ya jawo, da matsin ƙwaƙwalwa, da haɗarin da ya auku tsakanin gida da wurin aiki.

Aikin lauya ya sauya ke nan. Maimakon neman mai laifi, yanzu takardu yake bi: an sanar da maigida cikin kwana 14? An shigar da buƙatar cikin shekara ɗaya? Kamfanin ya yi rajista?

A nan gizo ke saƙa. Yaron makanike, ɗan dako a Kantin Kwari, da lebura a wurin gini yawanci ba su da takardar ɗaukar aiki, kuma babu mai zuba musu kuɗi a asusun. In tsautsayi ya faɗa musu, sai a yi sulhu a gaban manyan kasuwa, a biya kuɗin ɗori, a ce a yi haƙuri. Kusan shekara 190 bayan Priestley, abin da za su samu yana hannun maigida.