Yadda Diyya da Kawu Suka Fita Daga Bakin Turawan Ingila

Bayan da sojojin Rum suka janye daga tsibirin Birtaniya wajajen shekara ta 410, ƙabilu uku daga gaɓar arewacin Jamus da Denmak, wato Angul da Sakson da Jut, suka riƙa ƙetaro teku ayari bayan ayari, har yarensu ya danne na mutanen da suka tarar. Malamin coci Bede, wanda ya kammala tarihinsa a 731, ya ajiye farkon zuwansu a wajajen 449. Harshen nasu shi ake kira Tsohon Ingilishi, kuma masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na kalmominsa sun mutu. Labarin mutuwar kaɗan daga ciki ya isa ya nuna hanyar da da yawa suka bi.

A 597 Agustin, wanda Fafaroma Giregori ya aiko, ya iso masarautar Kent, Sarki Ethelbert ya karɓi addinin Kirista, tare da addinin kuma sai ga alƙalami da tawada. Ba a jima ba sarkin ya sa aka rubuta dokokin ƙasarsa cikin harshen mutanensa, kuma su ne dokoki mafi tsufa da suka rage a Ingilishi. Wanda ya karanta su zai ga yawancinsu lissafin ramuwa ne: ido sule 50, babban yatsan hannu sule 20, kowanne daga haƙoran gaba huɗu sule 6. Kuɗin da suke kira scilling shi ne kakan sulen da Turawan mulkin mallaka suka kawo mana bayan shekaru fiye da dubu. A ƙololuwar lissafin akwai wergild, wadda aka harhaɗa daga wer, namiji, da gild, biya, wato diyyar rai. A masarautar Wesseks ta Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, diyyar talaka ɗa, da ake kira ceorl, sule 200 ce, ta bafaden sarki mai ƙasa kuwa, wato thegn, sule 1,200.

Diyya ba ta biyuwa sai da dangi, domin su ke tara ta idan nasu ya yi kisa, su ke raba ta idan nasu aka kashe, kuma doka ta bambanta nauyin da ke kan dangin uba da wanda ke kan dangin uwa. Al'ummar da ke rayuwa a kan irin wannan tsari ba ta wasa da sunayen zumunta. Ɗan'uwan uwa eam ne, ɗan'uwan uba fædera, 'yar'uwar uba fathu, 'yar'uwar uwa kuma modrige, daidai da yadda muke raba kawu da baffa, da goggo da inna. Eam yana da matsayi na musamman a wajen ɗan 'yar'uwarsa, kuma tsofaffin waƙoƙinsu na yaƙi sun sha nuna su biyun kafaɗa da kafaɗa a fagen daga. Baturen yau da ke jin abin mamaki ne Bahaushe ya ware wa kowane ɗan'uwan iyaye suna, kakanninsa ma haka suka yi.

Girgiza ta farko ta zo daga arewa. A 793 mayaƙan ruwa na Sikandinebiya suka far wa gidan ibadar Lindisfan, daga baya suka zauna a gabashi da arewacin Ingila, suka yi auratayya da mutanen wurin. Da yake harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne, kalmomi sun yi ta musanya a kasuwa da cikin gida, har kalmar take ta baƙi ta kori niman, wadda ke nufin ɗauka. Amma baƙin nan su ma masu biyan diyya ne, shi ya sa yarjejeniyar Alfred da shugabansu Gutrum ta tsaya ne kan daidaita farashin ran Ba'ingile da na ɗan Denmak. Tsarin bai motsa ba, kalmominsa ma haka.

Abin da ya tumɓuke shi ya faru ne ranar 14 ga Oktoba, 1066, sa'ad da Wiliyam na Normandi ya ci Sarki Harold da yaƙi a Hestins, aka kuma naɗa shi ranar Kirsimeti a Westminista. A 1070 aka tuɓe Stigand daga shugabancin cocin Kantabari aka ɗora Lanfarank, kuma lokacin da aka yi babbar ƙidayar filaye ta 1086 manyan masu ƙasa 'yan asalin Ingila ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Fada ta koma Faransanci, rubutun hukuma ya koma Latin. Da thegn ya rasa gonarsa sai sunansa ya bi ta, baron ya maye gurbi. Majalisar dattawa ta witan, ma'ana masana, ta ba da wuri ga council, dema mai yanke hukunci ya zama judge, frith ta zaman lafiya ta zama peace, rundunar here ta zama army.

Wergild ta ɗan ja lokaci, amma an riga an sare mata saiwa. Domin kare mutanensa daga kisan gilla, Wiliyam ya kafa tarar murdrum: idan aka tsinci gawar Banormande ba a kama wanda ya kashe shi ba, gundumar duka za ta biya, kuma kaso mafi tsoka na sarki ne. Jini ya fara zama haƙƙin fada. A zamanin Henri na Biyu, musamman bayan dokar Kilarendon ta 1166, alƙalan sarki suka riƙa zagaya ƙasa suna sauraron shari'ar kisa a matsayin laifi ga sarauta, hukuncinsa rataya da ƙwace dukiya. Kafin ƙarni na 12 ya ƙare babu kotun da ke lissafin diyya, kalmar kuma ta tsaya a tsofaffin takardu. Gutsattsarinta ne suka tsira: wer na ɓoye a cikin world, wadda asalinta zamanin ɗan'adam ne, gild kuma 'yar'uwar yield ce.

Sunayen dangi sun fi jurewa, domin bakin uwa ya fi na alƙali riƙon magana. Sai wajajen 1300 uncle da aunt suka bayyana a rubutun Ingilishi, dukansu daga Faransanci. Ta farkon ta samo asali daga avunculus na Latin, wanda shi ma kawu kaɗai yake nufi tun farko, amma ta iso Ingila tana ɗauke da kawu da baffa a haɗe. A ganina, bambancin da shari'a ta daina tambaya ba ya daɗewa a harshe, ko da yake sha'awar kwaikwayon masu mulki ma ta yi nata aikin. Fædera da fathu da modrige suka shuɗe, eam ya koma eme ya fake a karkarar arewacin Ingila da Sikotilan na wasu ƙarnuka, ya bar sunan iyali Eames, alhali ɗan'uwansa oom yana raye a Holan har yau.

Dokokin Ethelbert kansu a kwafi ɗaya tak suka tsira, cikin kundin da wani magatakardan cocin Rocesta ya rubuta a shekarun 1120, lokacin da masu iya karanta tsohon harshen suka fara ƙaranci. Kundin ya faɗa ruwa a farkon ƙarni na 18, aka tsamo shi da tabon da ke jikinsa har yanzu, kuma a 1721 David Wilkins ya buga dokokin tare da fassarar Latin, domin a lokacin malaman Ingila sun fi fahimtar harshen Rum a kan na kakanninsu.