Yadda Ƙoda Ke Daidaita Sinadarin Fosfet a Jini

Gabatarwa

Fosfet sinadari ne da muke samu daga nama, kifi, madara, wake da gyaɗa. Kimanin kashi 85 cikin 100 na wanda ke jikinmu yana cikin ƙasusuwa da haƙora, inda yake haɗuwa da kalsiyam ya ba su ƙwari. Ƙoda ce ke kula da kada ya yi yawa a jini, kada kuma ya yi kaɗan.

Aikin Ƙoda

A kullum ƙodojin baligi kan tace ruwan jini kimanin lita 180, fosfet kuwa yana bin wannan ruwa zuwa cikin siraran bututun ƙoda. A farkon kowane bututu akwai furotin biyu masu aiki tamkar ƙofofi, NaPi-IIa da NaPi-IIc, waɗanda ke mayar da kashi 80 zuwa 90 na fosfet ɗin cikin jini, sauran ya fita a fitsari. Wani furotin mai suna NHERF1 ne ke riƙe NaPi-IIa a bangon bututu, kamar yadda turke ke riƙe dabba.

Rawar da Kinas Ke Takawa

Kinas sunan wasu furotin ne da ke isar da umarni a cikin ƙwayar halitta, ta hanyar liƙa ɗigon fosfet a jikin wani furotin, sai aikinsa ya sauya. Edmond Fischer da Edwin Krebs sun sami lambar yabo ta Nobel a 1992 saboda gano wannan tsari.

Manzanni biyu ne ke kawo wa ƙoda umarnin zubar da fosfet. Na farko shi ne PTH, wanda wasu ƙananan kaluluwa huɗu da ke wuya suke fitarwa musamman idan kalsiyam ya ragu a jini. Shi ke tayar da kinas biyu, PKA da PKC. Na biyu shi ne FGF23, wanda aka gano a 2000. Daga ƙashi yake fitowa, yana kuma buƙatar furotin Klotho kafin ya tayar da ERK1/2 da SGK1. Duka hanyoyin biyu a kan NHERF1 suke ƙarewa. Da zarar an liƙa masa fosfet sai ya saki ƙofar, ƙwayar halitta ta janye ta ciki ta narkar da ita. Raguwar ƙofofi ke sa fosfet ya ƙaru a fitsari.

Idan Tsarin Ya Ɓaci

A cutar gado ta XLH, FGF23 yana yin yawa, ƙoda ta riƙa zubar da fosfet, ƙasusuwan yaro su yi laushi, ƙafafunsa su lanƙwashe. A 2018 aka amince da maganin burosumab mai daƙile FGF23. A nan Nijeriya kuwa, binciken da aka yi a Jos ya nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalilin lanƙwashewar ƙafafun yara. Ƙarancin kan tayar da PTH, yaro ya yi asarar fosfet a fitsari.

A ciwon ƙoda mai tsanani, akasin haka ke faruwa. Fosfet kan taru a jini, ya haɗu da kalsiyam ya sandarar da jijiyoyin jini, abin da ke jawo ciwon zuciya.

Kammalawa

Muna kira ga iyaye da su kai duk yaron da ƙafafunsa suka fara lanƙwashewa asibiti da wuri. Haka nan muna jan hankalin masu ciwon ƙoda, musamman waɗanda ake yi wa wankin ƙoda, da su kiyaye shawarar likita game da abinci da shan magungunan rage fosfet.