Shekara Saba'in Ana Jiran Godot: Tarihin Wani Baƙon Wasa A Dandamali

Mai karatu, in wani marubuci ya kawo wa furodusa labarin da ba soyayya, ba faɗa, ba waƙa, sai wasu 'yan gararamba biyu a gindin busasshiyar bishiya suna jiran mutumin da bai taɓa zuwa ba, me kake jin zai ce masa? To wannan shi ne Waiting for Godot na Samuel Beckett, ɗan ƙasar Ayalan. Vladimir da Estragon suna jira, suna musu, suna tunanin rataye kansu. Wani Pozzo ya wuce yana jan bawansa Lucky da igiya a wuya. Da yamma yaro ya zo ya ce maigidan ba zai samu zuwa yau ba, sai gobe. Kashi na biyu ma kusan haka ya ƙare.

Da Faransanci ya rubuta shi, tsakanin 1948 da 1949, amma sai ranar 5 ga Janairu, 1953 aka fara nuna shi a wani ƙaramin gidan wasa mai suna Babylone a Faris. Roger Blin ne darakta, shi ne kuma ya fito a Pozzo. 'Yan wasa biyar kacal da bishiya ɗaya, ka ga ba tsada.

A 1955 ya isa Landan a hannun Peter Hall, yaro ɗan shekara 24. 'Yan kallo suka yi ta guna-guni, wasu suka fice, har sai da masu sharhi biyu, Harold Hobson da Kenneth Tynan, suka yabe shi a jaridun Lahadi, sannan kasuwa ta buɗe. A lokacin Ingila ma tana da tata hukumar tacewa, ofishin Lord Chamberlain, kuma sai da ta sa aka cire wasu kalmomi.

Abin dariya sai a Amurka. A Janairun 1956 aka kai shi Miami, aka sa shahararren ɗan barkwanci Bert Lahr, aka yi talla cewa wasan ban dariya ne na kece raini. Masu kuɗi 'yan yawon shan iska suka cika wuri, kafin a dawo daga hutun rabin lokaci da yawansu sun kama gabansu. Ni dai ban ga laifinsu ba, mai talla ne ya yaudare su.

Ga inda nake so ka natsu. A Nuwamban 1957 wata ƙungiya daga San Francisco, ƙarƙashin Herbert Blau, ta kai wasan gidan yarin San Quentin, gaban fursunoni kimanin 1,400. An zaɓe shi ne saboda babu mace a ciki. 'Yan wasan sun shiga da fargaba, sai ga fursunoni sun yi tsit har ƙarshe. Abin da ya gagari masu kwat a Miami, mai ɗaurin rai-da-rai ya gane shi nan take, domin shi jira ne abincinsa. Daga baya fursunonin suka kafa ƙungiyar wasansu, ɗayansu, Rick Cluchey, bayan ya fito har ya yi aiki da Beckett. Haka a Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata, inda John Kani da Winston Ntshona suka yi shi a Cape Town a 1980.

Shi kuwa Beckett mutum ne mai kafiya a kan rubutunsa. Ya bada umarnin wasan da kansa a Balin a 1975, kuma a 1988 ya kai wata ƙungiya ta ƙasar Holan kotu don ta sa mata zalla. Kotu ba ta ba shi gaskiya ba. Ya rasu a 1989.

Da ya yi tsawon rai, ban san yadda zai yi da Susan Sontag ba. A 1993, ana tsakiyar yi wa Sarayebo ƙawanya, ta shirya wasan da 'yan wasan garin, maza da mata, ta sa Vladimir uku da Estragon uku. Babu lantarki, da kyandir aka haska dandamali, 'yan wasan kuma yunwa ta ci su har sukan kwanta a ƙasa in an tsagaita gwaji. Kashi na farko kawai aka nuna. Yau filin da ke gaban babban gidan wasan kwaikwayo na birnin sunanta yake ɗauke da shi.