Daga Jinka Zuwa Gerard: Tarihin Rufin Ɗaki A Ƙasar Hausa

 Yau za mu ɗan ajiye batun waya mu ɗaga kai sama, mu duba rufin da ke kanmu. Duk wanda wayarsa ta taɓa ɗaukar zafi tana caji a ɗakin kwano cikin watan Afrilu ya san maganar ta shafe shi.

Kakanninmu sun fara ne da jinka, wato rufin ciyawa. Ba ta da tsada kuma akwai sanyi, sai dai gobara ɗaya ta ishe ta, ga gara, ga sauyi bayan 'yan shekaru.

A birane irin su Kano, Zariya, Katsina da Damagaram kuwa soro aka fi yi. Ana jera azara, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, sannan a shafe da makuba ko laso don kada ruwa ya ratsa, indararo kuma ya zubar da shi waje. Azara ba ta ɗaukar nauyi idan faɗin ya wuce kamar ƙafa 6, shi ya sa magina suka ƙware wajen bakan gizo da ɗaurin guga don a samu ɗaki mai faɗi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), shi ne babban misali. Kaurin ƙasar yana tare zafin rana, amma fa kafin kowace damina sai an yi yaɓe, in ba haka ba yoyo, wani lokacin har rufin ya rufta.

Shi kwano a Landan aka ƙirƙiro shi, Henry Palmer ya yi masa rajista a 1829. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, kawo kaya masu nauyi daga bakin teku ya yi sauƙi, kwano ya fara bayyana a tashoshi, kantuna da gine-ginen gwamnati. A hankali ya zama alamar cewa mutum ya samu. Ya raba mutane da wahalar yaɓe, ya haɗa su da zafi, ƙarar ruwan sama, tsatsa, da iskar farkon damina mai yaye rufi.

Daga baya asbestos ya shigo, musamman a makarantu da gidajen ma'aikata, don bai kai kwano zafi da ƙara ba. Yanzu an tabbatar ƙurarsa na haddasa kansar huhu. Idan gidanku na da shi, kar a fasa shi ko a yanka shi a bushe.

Yau kasuwa ta koma kan alminiyom dogo, wanda ba ya irin tsatsar kwano, da wanda muke kira Gerard, ƙarfe ne da aka lulluɓe da tsakuwa, asalinsa daga New Zealand. Yana rage ƙara kuma yana daɗewa, amma akwai tsada. Sai dekin na kankare, mai daɗin ɗora sola da tankin ruwa, wanda ke riƙe zafin rana ya sake shi da dare.

Abin lura, kowane sauyi ya magance matsala ɗaya ya kawo wata. Mun gudu daga yaɓe, yanzu muna biyan kuɗin fanka da batir. Don haka idan za ka yi rufi, tambayi kaurinsa, 0.45 ne ko 0.55, ka zaɓi launi mai haske, ka ɗaga ginin, ka sa silin, ka bar kafar da iska za ta fita tsakaninsa da rufin.

Wane irin rufi ne a gidan da ka tashi, kuma wanne za ka sa a naka?